Chappal Waddi: Dutse mafi tsawo a Nijeriya

Chappal Waddi shi ne dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya. Ƙololuwarsa ta kai mita 2,419 idan aka auna daga gaɓar teku. Yana cikin jihar Taraba, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, a can ƙuryar kudancin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda shi ne gandun daji na tarayya mafi girma a ƙasar.

Duk da wannan matsayi nasa, 'yan Nijeriya ƙalilan ne suka taɓa yin ido biyu da shi. Babu titin mota da ya kai gindinsa, kuma duk mai son hawansa sai ya yi tafiyar babur a kan hanyoyi masu wuya, sannan ya ƙarasa da ƙafa.

Abubuwa biyu ne suka sa dutsen ya cancanci a san shi fiye da batun tsawo. Na farko, a ranar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, wato 1 ga watan Oktoba na shekara ta 1960, wannan dutse ba ya cikin ƙasar. Ƙuri'ar raba gardama ce ta shigo da shi bayan watanni takwas, sakamakon wata gwagwarmayar siyasa da gwamnatin Jihar Arewa ta jagoranta daga Kaduna. Na biyu kuma, kurmin da ke jikin wannan dutse da maƙwabtansa shi ne ke riƙe ruwan da ke ciyar da wasu daga cikin kogunan da ke kwarara cikin kogin Binuwai.

Suna da wuri

Sunan dutsen daga harshen Fulfulde ya fito. Kalmar chappal ko chabbal tana nufin tudu mai tsawo wanda ke da shimfiɗaɗɗen fili a bisansa, shi ya sa ake samunta a sunayen tsaunuka da dama na yankin, kamar Chappal Hendu, wato tudun iska, da Chappal Delam da Chappal Shirgu. Ana kuma kiran dutsen da suna Gangirwal. Galibi akan fassara sunansa da cewa Dutsen Mutuwa, sunan da ake dangantawa da zurfin ramuka da tsananin gangaren da ke wasu ɓangarorinsa.

A taswirorin Kamaru, inda ake rubutu da ƙa'idar Faransanci, ana rubuta sunan Tchabal Ouadé.

Dutsen yana cikin jerin tsaunukan Gotel, a gefen arewa maso gabashin tudun Mambila. Iyakar ƙasashen biyu ta bi ta kan waɗannan tsaunuka, saboda haka wanda ya tsaya a ƙololuwa yana hangen ƙasar Taraba ta wani ɓangare, lardin Adamawa na Kamaru kuma ta ɗaya ɓangaren.

Tsawonsa idan aka kwatanta

Birnin Kaduna yana kan tudu mai kimanin mita 600 daga gaɓar teku. Ke nan ƙololuwar Chappal Waddi ta ninka tsawon da Kaduna take kai kusan sau huɗu. Duwatsun Shere da ke kusa da Jos, waɗanda su ne mafi tsawo a tudun Filato, sun tsaya ne a wajen mita 1,829.

Littattafai da dama na da sun riƙa nuna dutsen Dimlang na tsaunukan Shebshi a matsayin mafi tsawo a Nijeriya. Shi ne wanda Turawa suka laƙaba wa sunan Vogel, domin tunawa da Eduard Vogel, Bajamushen matafiyin nan da aka kashe a ƙasar Wadai a shekara ta 1856. Amma Dimlang mita 2,042 ne, wato Chappal Waddi ya ɗara shi da kusan mita 380.

A Jamhuriyar Nijar, dutse mafi tsawo shi ne Idukal-n-Tages na tsaunukan Bagzam a ƙasar Abzin, mai mita 2,022. Sai dai idan aka leƙa gabas da kudu za a tarar da waɗanda suka fi Chappal Waddi nesa ba kusa ba: Emi Kusi na ƙasar Chadi ya haura mita 3,400, Dutsen Kamaru ya kai mita 4,040, shi kuwa Kilimanjaro na Tanzaniya, wanda babu kamarsa a Afirka, mita 5,895 ne.

Yadda tsaunukan suka samu

Masana ilimin ƙasa suna sanya tsaunukan wannan yanki cikin wani dogon jeri na duwatsu masu aman wuta, wanda ake kira layin Kamaru. Jerin ya faro ne daga cikin tekun Atlantika, inda ya samar da tsibiran Annobon da Sao Tome da Principe da Bioko, ya hau tudu ta Dutsen Kamaru, ya ratsa tsaunukan Bamenda da na Adamawa, ya nufi wajen tafkin Chadi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,600.

A tsawon miliyoyin shekaru, narkakken dutse daga cikin ƙasa ya riƙa ɗaga doron yankin, yana kuma malalowa ta tsagogi yana daskarewa. Ruwan sama da koguna suka bi baya suna zaizaye shi, har aka sami kwazazzabai masu zurfi da tsaunuka masu tsini da ake gani a yau.

Shi Chappal Waddi ba ya aman wuta. Amma wasu sassan layin ba su mutu ba. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a shekarun 1999 da 2000, sannan a watan Agustan 1986 wata iska mai guba da ta taso daga tafkin Nyos, a arewa maso yammacin Kamaru, ta hallaka mutane kimanin 1,700 da dabbobi masu yawa a dare ɗaya.

Yanayi da tsirrai

Damina a wannan yanki takan fara ne tun watan Afrilu, ta kai har Oktoba ko Nuwamba. A ɓangaren Gumti na arewacin gandun, ruwan saman da ake samu a shekara bai fi na Kaduna da wani abin kirki ba, amma a tsaunukan kudu yana iya ninka hakan sau biyu ko fiye. Dalili shi ne iska mai ɗauke da danshi da ke tasowa daga teku takan ci karo da tsaunukan, ta hau sama, ta yi sanyi, sai ta zubar da ruwanta.

Zafi kuma raguwa yake yi yayin da ake hawa, da misalin digiri 6 a ma'aunin Selsiyus a kowace mita 1,000. A bisa wannan lissafi, saman dutsen ya fi Kaduna sanyi da digiri 10 ko fiye. A watannin Disamba da Janairu, lokacin hunturu, daren ƙololuwa yana da sanyin da ba a saba da irinsa ba a ƙasar Hausa.

Wannan bambanci ya sa mai hawa dutsen yakan ratsa nau'o'in daji daban-daban cikin ɗan taƙi. A ƙasa akwai daji mai dogayen ciyayi da itatuwa jefi-jefi, irin wanda aka sani a kudancin jihar Kaduna. A bakin koguna da cikin kwaruruka akwai kurmi mai duhu. Can sama kuma, daga wajen mita 1,500, sai filayen gajeriyar ciyawa masu faɗi, tare da ƙananan kurmi da suka maƙale a kwazazzabai da gangaren da wuta ba ta cika kaiwa ba.

Waɗannan kurmi na kan tudu su ne masana suka fi damuwa da su. Gajimare yakan lulluɓe su a yawancin damina, gansakuka ta rufe rassan itatuwan, kuma akwai tsirrai da tsuntsaye a cikinsu da ba a samun irinsu sai a tsaunukan Kamaru ko na gabashin Afirka. Ɗaya daga cikin itatuwan shi ne wanda masana ke kira Prunus africana, wanda ake sarrafa ɓawonsa a Turai domin haɗa maganin kumburin mafitsara na maza. Kurmin Leinde Fadali da ke jikin dutsen yana cikin waɗanda aka fi yin nazari a kansu.

Uwar ruwa

Kurmi da ciyawar kan tudu suna aiki ne tamkar soso. Sukan tsotse ruwan damina, su hana shi gangarowa gaba ɗaya, sannan su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta idanun ruwa har cikin rani. Da haka ne kogunan gandun, irin su Mayo Kam da Mayo Gashaka da Mayo Gamgam da Mayo Yim, suke samun ruwan da ke gudana a cikinsu. Mayo dai a Fulfulde shi ne kogi.

Waɗannan koguna su ne ke haɗuwa su ba kogin Taraba ƙarfinsa, shi kuma ya zuba cikin Binuwai. Masunta da manoman fadama da makiyaya da ke zaune nesa da dutsen, waɗanda da yawansu ba su ma san sunansa ba, sun dogara da wannan ruwa.

Kogin Kaduna, wanda ya taso daga tudun Filato, yana zuba ne cikin kogin Kwara. Saboda haka ruwan da ya bi ta ƙarƙashin gadar Kaduna da wanda ya gangaro daga Chappal Waddi suna gamuwa ne a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu.

Idan aka sare itatuwa ko aka cinye ciyawar tudu har ƙasa ta tsiraita, ruwan sama yakan kwararo da ƙarfi a lokaci guda, ya kwashe ƙasar sama, ya cika koguna da yashi. Sakamakon haka shi ne ambaliya da damina, da kuma ƙafewar rafuka tun kafin rani ya yi nisa.

Daga Fombina zuwa hannun Turawa

A ƙarni na 19 yankin ya shiga ƙarƙashin masarautar Fombina, wadda aka fi sani da Adamawa, da Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekara ta 1809. Gashaka ta zama ɗaya daga cikin ƙananan masarautun da ke bin Yola, kuma gidan sarautarta yana da dangantaka da na Banyo da Konca, waɗanda a yau suke cikin Kamaru. Kafin zuwan Fulani da bayansa, ƙabilu irin su Mambila da Jibu da Ndoro suna zaune a waɗannan tsaunuka da kwaruruka.

Da Turawa suka raba Afirka, sai aka tsaga ƙasar Adamawa gida biyu. Ingila ta kama Yola a shekara ta 1901, yayin da mafi yawan ƙasar, har da Gashaka da Mambila, suka faɗa hannun Jamus a matsayin wani ɓangare na Kamaru. Har yanzu akwai kangon sansanin Jamusawa a kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Ingila da na Faransa suka fatattaki Jamusawa daga Kamaru, aka gama yaƙin a can a farkon 1916. Ƙasashen biyu suka raba yankin a tsakaninsu, Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, Ingila kuma ta sami wani siririn yanki da ya bi gefen iyakar Nijeriya. Daga 1922 Ingila ta riƙe shi da izinin tsohuwar Majalisar Ƙasashen Duniya, daga 1946 kuma a matsayin riƙon amana ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ɓangaren arewa na wannan yanki, wanda ake kira Arewacin Kamaru, ana gudanar da shi ne tare da lardunan Arewacin Nijeriya, musamman Adamawa da Barno. Amma a doka bai zama ƙasar Nijeriya ba.

Ƙuri'ar 1961

Yayin da 'yancin kai ya ƙarato, Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama a watan Nuwamban 1959. An tambayi jama'ar Arewacin Kamaru ko suna son zama cikin Jihar Arewa idan Nijeriya ta sami 'yanci, ko kuwa a ɗage shawarar zuwa gaba. Mafi rinjaye suka zaɓi a ɗage.

Wannan sakamako ya girgiza gwamnatin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a Kaduna. Masana tarihi suna danganta shi da ƙorafin da jama'ar yankin, musamman ƙananan ƙabilu, suke da shi game da yadda ake mulkinsu daga En'en Adamawa da ke Yola. A sakamakon haka aka yi gyare-gyare, aka kafa wa yankin En'o'i nasa na kansa, ciki har da ta Gashaka da Mambila. Sardauna da muƙarrabansa suka shiga yaƙin neman goyon baya gadan-gadan, tare da alkawarin cewa yankin zai zama lardi mai cin gashin kansa, daidai da sauran lardunan Arewa.

A watan Fabrairun 1961 aka sake kaɗa ƙuri'a, a wannan karo zaɓi biyu ne kawai: Nijeriya ko Jamhuriyar Kamaru. Mutane 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 kuma suka zaɓi Kamaru, wato kimanin kashi 60 cikin 100 ke nan suka goyi bayan Nijeriya. Kudancin Kamaru kuwa ya zaɓi akasin haka.

Ranar 1 ga watan Yunin 1961 yankin ya shigo Nijeriya, aka kuma raɗa masa suna Lardin Sardauna, mai hedkwata a Mubi. Tare da shi ne tudun Mambila da tsaunukan Gotel, har da Chappal Waddi, suka shigo.

Gwamnatin Shugaba Ahmadu Ahidjo ba ta ji daɗin abin ba. Ta ayyana ranar a matsayin ranar makoki, ta kuma kai ƙarar Ingila gaban Kotun Duniya da ke birnin Hague, amma a watan Disamban 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar. Bayan shekaru kusan 40, hukuncin da kotun ta yanke ranar 10 ga watan Oktoban 2002, wanda aka fi sani da shari'ar Bakassi, ya shafi dukkan iyakar ƙasashen biyu tun daga tafkin Chadi har zuwa teku.

Yankin ya kasance cikin Jihar Arewa maso Gabas daga 1967, jihar Gongola daga 1976, sannan jihar Taraba daga 1991. Sunan Firimiyan ya wanzu a ƙaramar hukumar Sardauna mai hedkwata a Gembu. Masu neman takardun wancan zamani sukan nufi ofishin adana kayan tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda a yanzu cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Gandun Gashaka-Gumti

A shekara ta 1972 aka keɓe dazukan Gashaka da Gumti domin kare namun daji. A 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe su ta hanyar dokar soja, suka zama gandu ɗaya mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,400, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Hedkwatarsa tana kusa da garin Serti, mazaunin Lamiɗon Gashaka, ana kuma shiga ɓangaren arewa ta garin Toungo. Tun 1995 gandun yake cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO domin a duba yiwuwar sanya su cikin kayan gadon duniya.

An ƙidaya nau'in dabbobi masu shayarwa fiye da 100 a gandun, da nau'in tsuntsaye fiye da 500. Akwai ɓauna da gwanki da gwambaza da mazo da gada iri-iri, da gwaggon biri da sauran birai. Akwai dorina da kada a Mayo Kam. A kan tudu kuma akwai gadar dutse da wani nau'in kwanta-rafi na tsauni. Na'urorin ɗaukar hoto da aka ɗaura a jikin itatuwa sun nuna damisa da kuma babban ɗan kunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki da ake fataucinta zuwa Asiya.

Dabbar da ta fi jawo wa gandun suna a duniya ita ce wadda mutanen yankin ke kira biri mai ganga, wato chimpanzee. Sun ba shi wannan suna ne saboda yadda yake dukan faffaɗan saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa, sautin ya yi nisa cikin kurmi kamar na ganga. Nau'in da ke Gashaka ba a samunsa a ko'ina sai a Nijeriya da Kamaru, kuma ƙiyasin masana ya nuna waɗanda suka rage a duniya ba su kai 10,000 ba. Gandun yana cikin manyan mafakarsu.

A shekara ta 2000 Farfesa Volker Sommer na jami'ar UCL da ke London ya kafa wani shirin binciken birai a Gashaka da Kwano, wanda gidan namun dajin Chester na Ingila ya tallafa wa. Binciken ya nuna yadda waɗannan birai ke gyara tsinke da sanda domin ciro zuma da kuma kamun kwarkwasa.

An yi asara mai yawa kafin wannan lokaci. Annobar cutar bushiya ta 1983 zuwa 1984, wadda ta karkashe shanu a duk faɗin Arewa, ta hallaka ɓauna da sauran manyan namun daji a gandun. Giwa da zaki da kyarkeci, waɗanda a da ake samunsu, sun yi ƙaranci ƙwarai ko sun ɓace.

Makiyayan kan tudu

Gashaka-Gumti ya bambanta da yawancin gandun daji ta wata fuska, domin akwai mutane da ke zaune a cikinsa bisa amincewar hukuma. Lokacin da aka shata iyakarsa, an bar wasu keɓaɓɓun wurare ga manoma da makiyaya da aka tarar, kamar Gumti da Filinga da Sabere, da kuma tuddan Hendu da Delam da Shirgu.

Abin da ya ja Fulani zuwa waɗannan tuddai a fili yake. Akwai ciyawa da ruwa kusan duk shekara, kuma sanyin wurin ya hana ƙudan tsando, mai sa wa shanu cutar sammore, yin tasiri.

Sai dai yawan shanu ya ƙaru ainun tun daga wancan lokaci, ga kuma garken da ke shigowa daga wasu jihohi da Kamaru da rani. Makiyaya sukan cinna wa busasshiyar ciyawa wuta domin sabon toho ya fito, wutar kuma takan ci gefen kurmi shekara bayan shekara, shanu su tattake ƙananan itatuwan da za su maye gurbi. Wani masanin daji mai suna J. D. Chapman ya yi nazarin waɗannan kurmi a shekarun 1970. Da 'yarsa, Hazel Chapman, ta sake bin sawunsa tare da abokan aikinta a farkon shekarun 2000, sun tarar da alamun zaizayar ƙasa a filayen kiwo da raguwar manyan namun daji.

Su kuma makiyayan suna da nasu koken. Filin kiwo yana ƙara ƙuntata a wajen gandun, satar shanu ta yawaita, kuma rikicin ƙasa tsakanin manoma da makiyaya a tudun Mambila ya sha jawo asarar rayuka, kamar yadda ya faru a watan Yunin 2017. Masu lura da al'amuran gandun suna ganin babu wani shirin kare dajin da zai yi nasara ba tare da haɗin kan arɗo-arɗo da sarakunan yankin ba.

Sauran barazana

Daga wajen shekara ta 2014 jihar Taraba ta zama cibiyar saran itacen madobiya, wanda 'yan kasuwa ke kira madrid, ana fitar da shi zuwa ƙasar Sin domin yin kujeru da gadaje masu tsada. Da itacen ya yi ƙaranci a dazukan da ke kewaye, sai masu sara suka fara kutsawa cikin gandun. A 2018 hukumar yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazana, ta dakatar da cinikin wannan itace daga Nijeriya.

Akwai kuma farautar namun daji domin sayarwa, da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Masu gadin gandun sun sha yin arangama da mutane masu ɗauke da makamai, wasunsu ma sun rasa rayukansu a bakin aiki.

A shekara ta 2017 Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekaru 30 da wata gidauniya ta 'yan Nijeriya mai suna Africa Nature Investors domin gudanar da gandun tare. Tun daga lokacin an ɗauki sababbin masu gadi daga ƙauyukan yankin, an horar da su, an kuma ƙara yawan sintiri.

Mutanen jihar Kaduna sun san abin da kan biyo baya idan daji ya rasa mai tsaronsa. Gandun Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120, ya zama na tarayya a 1999. Amma a shekarun 2010 ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka mayar da shi maɓoya, har ta kai gwamnonin jihohin da ke kewaye suka haɗa ƙarfi a 2015 wajen ɗaukar nauyin wani farmakin soja a dajin. Gashaka-Gumti ya ninka Kamuku girma fiye da sau biyar, ga shi kuma a bakin iyakar ƙasa da ƙasa.

Hanyar zuwa

Daga Kaduna, matafiyi yakan bi ta Jos da Bauchi da Gombe da Numan zuwa Jalingo, sannan ya yi kudu ta Bali zuwa Serti. A can ne ake neman izinin shiga gandun, a kuma haɗa baƙo da ma'aikacin da zai yi masa rakiya, domin doka ba ta yarda a shiga ba tare da izini ba.

Daga Serti hanya takan wuce Mayo Selbe, ta hau tudun Mambila ta wani hawa mai lanƙwasa da yawa, har zuwa Nguroje. Yawancin masu hawan dutsen daga nan suke ɗaukar babur zuwa ƙauyen Njawai, inda tafiyar ƙafa ke farawa. Akan ratsa rugage da rafuka da tuddan ciyawa, a kwana a hanya, sannan a kai ƙololuwa. Hawan ba ya bukatar igiya ko wasu kayan aiki na musamman ta wannan ɓangare, amma yana bukatar ƙarfin jiki da tufafin sanyi. Akwai kuma doguwar hanya ta cikin gandun daga ƙauyen Gashaka, wadda ke ɗaukar kwanaki da dama.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da rafuka suka janye, hanyoyi kuma suka bushe. Da damina koguna sukan cika su datse hanya, gajimare kuma ya rufe dutsen na tsawon kwanaki. A tsakiyar hunturu ƙura tana iya rage nisan abin da ido ke hange daga sama, shi ya sa wasu suka fi son farkon rani, kafin a fara ƙona ciyawa.